Shin da gaske ruwan haidurojin yana maganin cututtuka?

A 'yan shekarun nan tallar wata gorar ruwa mai caji ta yawaita a shafukan sada zumunta da kasuwannin intanet. Ana zuba mata ruwa, a danna maɓalli, sai ƙananan kumfa su yi ta tasowa daga gindinta na tsawon 'yan mintoci. Daga nan, a cewar masu tallar, ruwan ya tashi daga ruwan sha ya koma magani: yana rage sukari, yana sauke hawan jini, yana gyara fata, yana hana tsufa, wasu ma har sankara suke ambatawa. Akwai kuma ƙwayoyin da ake jefawa a kofi su narke, da na'urorin shaƙa da ake saƙala wa mutum a hanci.

Duk waɗannan kaya sun ratayu ne a kan abu guda, wato iskar haidurojin. Batun ya yi wuyar warwarewa ne saboda ba daga bakin 'yan talla ya faro ba. Ya faro daga ɗakunan bincike na jami'o'i, an wallafa shi a manyan mujallun kimiyya, kuma har gobe akwai likitocin da ke gwada shi a asibitoci. Sai dai tazarar da ke tsakanin abin da binciken ya nuna da abin da ake rubutawa a jikin kwali tana da faɗi ƙwarai.

Mene ne haidurojin?

Haidurojin shi ne sinadari mafi sauƙin nauyi a duniya. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Henry Cavendish, shi ne ya bayyana shi a matsayin iska mai zaman kanta a 1766, daga baya Antoine Lavoisier na Faransa ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci masu ma'anar mai haifar da ruwa, domin idan ya ƙone a cikin oksijin ruwa ne ke fitowa.

Nan ne ruɗani na farko yake. Kowane ruwa a duniya yana ɗauke da haidurojin, tunda ƙwayar zarra biyu ta haidurojin da ɗaya ta oksijin ne suka haɗu suka zama ruwa. Amma wannan haidurojin a ɗaure yake, ba ya rabuwa da oksijin don kawai an sha ruwa. Wanda ake talla a kansa daban ne: ƙwayoyin zarra biyu na haidurojin da suka haɗu da juna suka zama iska, sannan aka narkar da iskar a cikin ruwa, kamar yadda ake narkar da iskar da ke sa lemon kwalba kumfa.

Haidurojin kuwa ba ya son zama a ruwa. A yanayin ɗaki, lita guda ba ta iya riƙe fiye da kimanin miligiram 1.6, wanda idan aka mayar da shi iska bai kai mililita 20 ba, wato cikin cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗoriya. Ƙanƙantarsa kuma ta sa yana ratsa jikin gorar roba ya fice ko da murfin a rufe yake. Idan aka sha ruwan, yana shiga jini da sauri, ana ganin sa a numfashi cikin mintoci kaɗan, kuma kafin awa guda ta cika yawanci ya koma yadda yake tun farko.

Aikin da babu gardama a kansa

Tun kafin a fara sayar da shi a gora, haidurojin yana da gurbi a aikin likita, sai dai gurbin na gano cuta ne. A 1888 wani likitan tiyata a Amurka mai suna Nicholas Senn ya riƙa hura iskar ta dubura ga waɗanda aka harba a ciki, domin ya gane ko harsashi ya huda hanji. Idan iskar ta fito ta bakin raunin, an san hanji ya fashe. An daɗe da barin wannan dabara, amma wata ta maye gurbinta.

Ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ba sa ƙera haidurojin. Masu ƙera shi su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanji, idan suka sami abincin da ƙaramin hanji bai narkar ba. Wani likita a Amurka, Michael Levitt, ya nuna a 1969 cewa wani kaso na wannan iska yana shiga jini ya fita ta huhu. A kan haka aka gina gwajin numfashi da asibitoci ke yi a yau. Ana ba mutum wani nau'in sukari ya sha bayan ya kwana bai ci komai ba, sai ya riƙa hura numfashi a na'ura lokaci bayan lokaci. Idan haidurojin ya ƙaru da kashi 20 cikin miliyan ko fiye, alama ce cewa sukarin bai narke ba, ko kuma bakteriya sun yi yawa a ƙaramin hanji.

Da wannan gwaji ake tabbatar da matsalar waɗanda madara ke kumbura wa ciki ko ta sa su gudawa, matsalar da ta yawaita a tsakanin manya a Afirka ta Yamma. Binciken da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, alhali mafi yawan manyan Yarabawa ba sa iyawa. Nonon da ya yi tsami kuwa bakteriya sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarinsa, shi ya sa mutum kan sha fura da nono lafiya lau amma ɗanyar madara ta hana shi sakat.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai niyyar sayen gora ya sani. A 1991 masu bincike a birnin Sheffield na Ingila sun auna iskar da mutum goma suka saki cikin awa 24, bayan an ƙara musu giram 200 na wake a abincinsu. Matsakaicin haidurojin da ke cikin iskar ya kai mililita 361. Kafin mutum ya sami wannan adadi daga ruwan gora, sai ya sha kusan lita 19. Masu kare ruwan haidurojin suna cewa wanda aka sha yana shiga jini a lokaci guda, ba kamar na hanji da ke ɗiga a hankali ba, kuma wataƙila wannan bambanci yana da tasiri. Hujja ce da za a iya saurara, amma ba ta kawar da cewa kwanon wake da shinkafa ya fi gorar samar da iskar nesa ba kusa ba.

Daga ƙarƙashin teku zuwa ɗakin bincike

Tabbacin cewa iskar ba guba ba ce ya zo ne daga masu ninƙaya a zurfin teku. A can ƙasa iskar da muke shaƙa tana yin kauri, naitirojin da ke cikinta kuma yana bugar da mutum kamar giya, don haka aka nemi iska mara nauyi da za ta maye gurbinsa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Arne Zetterström, ya kai zurfin mita 160 a 1945 yana shaƙar haɗin haidurojin da oksijin. Ya rasu a wannan gwaji, amma kuskuren masu janyo shi sama ne ya yi sanadi, iskar ba ta da laifi. A 1988 ma'aikatan kamfanin Comex na Faransa sun yi aiki a zurfin mita 534 a tekun Bahar Rum, suna shaƙar haɗin da kusan rabinsa haidurojin ne. Idan jiki ya jure wannan na kwanaki, ɗan abin da ke cikin kofin ruwa ba abin tsoro ba ne.

Tunanin cewa iskar na iya warkarwa ya fito a 1975, lokacin da Malcolm Dole da abokan aikinsa a jihar Texas ta Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa ƙarin sankarar fata ya ragu a jikin ɓerayen da aka ajiye cikin akwati mai matsin iska ninki takwas, wadda kashi 97.5 cikin 100 nata haidurojin ne. Yanayi ne mai haɗari da ba za a iya kai shi ɗakin marasa lafiya ba, saboda haka maganar ta kwanta fiye da shekara talatin.

Wanda ya tashe ta shi ne Farfesa Shigeo Ohta na Kwalejin Likitanci ta Nippon da ke Japan. A 2007 shi da tawagarsa suka wallafa bincike a mujallar Nature Medicine. Sun toshe jijiyar jinin ƙwaƙwalwar ɓeraye na wani lokaci sannan suka buɗe, kwatankwacin abin da ke faruwa a shanyewar ɓarin jiki. Ɓerayen da suka shaƙi iska mai haidurojin kashi 2 cikin 100 sun sami ɓarna a ƙwaƙwalwa ƙasa da ta sauran sosai.

Bayanin da suka bayar ya danganci abin da za a iya kira tsatsar jiki. Oksijin da ke raya mu shi ne kuma ke sa ƙarfe tsatsa, shi ke sauya launin goro idan an ɓare shi an bar shi a iska. A cikin jiki ma, yayin da ake ƙona abinci don samun kuzari, akan sami ɓurɓushin oksijin masu kai hari ga kitse da furotin da ƙwayoyin gado. Suna yawaita musamman a lokacin da jini ya dawo wa gaɓar da ya yanke mata, shi ya sa dawowar jinin kanta ke ƙara rauni. Amma ba dukkansu ne abokan gaba ba. Da wasunsu jiki ke kashe ƙwayoyin cuta, da wasu kuma yake aika saƙo tsakanin ƙwayoyin halitta. Abin da tawagar Ohta ta ce shi ne haidurojin yana zaɓen mafi muni daga cikinsu, wanda ake kira haidiroksil, ya mayar da shi ruwa, ya bar masu amfanin.

Bayani ne mai daɗin ji, kuma shi ne ake ta maimaitawa a tallace-tallace har yau. Masana ilimin sinadarai dai sun ja da shi tun da wuri. Haidiroksil ba ya wuce kusan kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa kafin ya afka wa duk abin da ke kusa da shi, kuma furotin da kitsen da ke kewaye da shi sun fi haidurojin yawa, sun kuma fi shi saurin haɗuwa da shi ninki goma ko fiye. Da wuya ɗan abin da ya narke a jini ya riga su. Wannan ya sa da yawa daga masu binciken suka koma ga wani hasashe, cewa iskar tana zaburar da hanyoyin kariya na jiki ne kawai. Har yanzu ba a daidaita a kan yadda take aiki ba.

Da aka gwada a jikin mutane

Bayan 2007 an wallafa ɗaruruwan bincike, mafi yawansu a kan ɓeraye ko ƙwayoyin halitta a cikin kwano. Na mutane kuwa galibi ƙanana ne, masu mutum ashirin zuwa sittin, na 'yan makonni, kuma abin da suke aunawa sauyin wasu alƙaluma ne a jini. Misali, wani gwaji da aka wallafa a Japan a 2008 ya ba mutum 36 masu ciwon suga ko masu dab da kamuwa da shi mililita 900 a kullum na mako takwas, aka ga ɗan sauyi a wasu nau'o'in kitsen jini. Sauyin alƙalami a takardar gwaji daban yake da hana makanta ko yanke ƙafa ko mutuwar ƙoda, waɗanda su ne ainihin abin da mai ciwon suga ke gudu.

Labarin cutar makyarkyata ta Parkinson ya fi kowanne koyar da darasi. A 2013 likitoci a Jami'ar Juntendo da ke Tokiyo sun ba da rahoton wani ƙaramin gwaji mai ƙasa da mutum 20, inda waɗanda suka sha lita guda ta ruwan haidurojin kullum na mako 48 suka nuna sauƙi. Labarin ya zagaya duniya. Su waɗannan likitoci, abin yabo, ba su tsaya nan ba. Sun shirya babban gwaji a asibitoci da dama da mutum 178, rabi suna shan ruwan haidurojin, rabi suna shan ruwa zalla, ba tare da majinyaci ko likita ya san wanda ke shan wanne ba. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. Masu talla sun riƙe rahoton 2013, na 2018 kuwa ba kasafai suke tunawa da shi ba.

Irin wannan ba sabon abu ba ne a tarihin sinadaran da ake cewa suna kare jiki daga tsatsa. An taɓa ɗora babban fata a kan sinadarin da ke ba karas launinsa, har aka gwada shi a kan maza mashaya taba fiye da 29,000 a ƙasar Finlan. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta ƙaru ne da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha ƙwayar. Babu wata alama cewa haidurojin yana da irin wannan illa, amma labarin ya isa nuna cewa hasashe mai ma'ana a takarda yana iya rushewa idan aka kai shi jikin dubban mutane.

Inda fata ya fi ƙarfi shi ne ɗakin kulawa ta musamman, kuma a can shaƙa ake yi. A ƙarshen 2016 Ma'aikatar Lafiya ta Japan ta amince a gwada shaƙar haidurojin ga waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, aka farfaɗo da bugunta amma suka kasance a sume. Irin waɗannan majinyata sukan mutu ko su tashi da lalacewar ƙwaƙwalwa, saboda dalilin da aka ambata na dawowar jini. Jami'ar Keio ce ta jagoranci gwajin a asibitoci 15, inda aka ba wasu oksijin haɗe da haidurojin kashi 2 cikin 100 na awa 18, wasu kuma oksijin kaɗai. An yi niyyar ɗaukar mutum fiye da 300, sai annobar korona ta cika asibitocin, aka tsaya a kan 73.

Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya zo da fuska biyu. A kan babbar tambayar da aka tsara gwajin dominta, wato yawan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta dawo da kyau bayan kwana 90, an sami kashi 56 cikin 100 a ɓangaren haidurojin da kashi 39 a ɗaya ɓangaren, bambancin da a ƙa'idar lissafi zai iya zama dace kawai saboda ƙarancin mutanen. A kan rayuwa kuwa, kashi 85 cikin 100 na waɗanda suka shaƙi iskar suna raye bayan kwana 90, idan aka kwatanta da kashi 61. Adadi ne da ya cancanci a sake gwaji mai girma a kansa. Amma ko da ya tabbata, magana ce ta majinyacin da ke kan na'urar numfashi yana shaƙar iskar awa 18 a jere, kuma ba ta ce komai game da lafiyayyen mutumin da ya kurɓi kofi guda da safe ba.

Ƙasar Sin ma ta sanya shaƙar haɗin haidurojin da oksijin a cikin ƙa'idojinta na kula da masu korona a watan Maris na 2020. Gwajin da aka fi kafa hujja da shi yana da mutum 90, kuma kowa ya san abin da ake ba shi, lamarin da ke rage ƙarfin sakamako idan abin da ake aunawa shi ne yadda majinyaci ke jin numfashinsa.

Abin da hukumomi suka ce

Sau da yawa tallace-tallace kan ce Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da ruwan haidurojin. Abin da ya faru a 2014 shi ne hukumar ba ta yi jayayya da bayanin wani kamfani cewa sanya iskar a abin sha ba ya cutarwa ba. Tarayyar Turai ma ta lissafa ta cikin abubuwan da aka halatta sanyawa a abinci, da lamba E949. Duka biyun shaida ce ta rashin illa, babu wadda ta ce yana magani. Haka abin yake a gida: lambar NAFDAC a jikin ruwan sha tana nufin an yi masa rajista a matsayin ruwan sha.

Japan, inda kasuwar ta fara bunƙasa, ita ce kuma ta fara taka mata birki. A 2016 Cibiyar Kula da Al'amuran Masu Sayen Kaya ta ƙasar ta gwada kaya 19, na kwalba da na na'ura, ta tarar da cewa wasu ba su kai adadin da aka rubuta a jikinsu ba, nau'i biyu da ke cikin gorar roba kuwa ba a ga ko ɗigon haidurojin a cikinsu ba. A 2017 hukumomin ƙasar suka ɗauki mataki a kan kamfanoni uku saboda iƙirarin rage ƙiba da makamantansa ba tare da hujja ba.

Inda haɗarin yake

Iskar ba guba ba ce, amma tana kamawa da wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 a cikin iskar ɗaki. Ita ce ta cika jirgin balan-balan na Hindenburg da ya ƙone a Amurka a 1937. Dalilin da ya sa asibitocin Japan suka tsaya a kashi 2 ke nan. Wasu na'urorin shaƙa da ake sayarwa don amfanin gida suna fitar da kashi biyu cikin uku haidurojin, kashi ɗaya oksijin, haɗin da tartsatsi kaɗan ke iya tarwatsa shi. A gidan da ake kunna risho ko garwashin turaren wuta ko maganin sauro na hayaƙi, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa da sinadarin maganiziyam ake yin su, shi ne ke haɗuwa da ruwa ya saki iskar. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da rararsa ba wahala, amma ga mai ciwon ƙoda yana iya taruwa a jini ya taɓa bugun zuciya. Gorori masu araha kuma, waɗanda ke raba ruwa da lantarki ba tare da shingen tace iska ba, suna iya samar da kulorin idan ruwan yana da gishiri.

Mafi girman haɗari dai shi ne na mai hawan jini ko ciwon suga da zai ajiye maganinsa saboda ya sayi gora. Waɗannan cututtuka ba sa yin hayaniya. Mutum zai yi watanni yana jin garau, yana yaba wa ruwan, alhali jijiyoyin ido da ƙoda suna lalacewa. Ga mai sankara kuwa, watannin da ya ɓata yana gwada ruwa su ne sau da yawa ke raba ƙarin da za a iya cirewa da wanda ya riga ya bazu.

Akwai kuma kamancin suna da ya kamata a kiyaye. Ruwan nan da ake sayarwa a kemis don wanke rauni, mai kumfa idan ya taɓa jini, sunansa haidurojin feroksaid, kuma ba shi da alaƙa da ruwan haidurojin sai ta suna. Shi sinadari ne mai ƙuna. Shan sa yana ƙona maƙogwaro da tumbi, mai ƙarfinsa kuma yana sakin kumfar oksijin da ke iya shiga jijiya ta toshe hanyar jini zuwa ƙwaƙwalwa ko zuciya. Wanda ya sha shi bisa kuskure, kada a sa shi amai da gangan, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar domin likita ya ga ƙarfin abin da ya sha.